Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Shawara, Zaɓe da Haƙuri da Juna a Cikin Aji

A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantun firamare na Jihar Kebbi, na sha shiga aji in tarar yara sun haddace ma'anar dimokuraɗiyya da Turanci suna rera ta kamar waƙa, amma da zarar malami ya juya baya sai monita ya ɗauki tsumagiya ya hau kan ƙananan ajin, alhali babu wanda ya zaɓe shi, malami ne ya nuna shi da yatsa don ya fi kowa girman jiki. Yaron da ke zaune a irin wannan aji zai iya cin jarrabawa, sai dai abin da zai tashi da shi a zuciya shi ne mai ƙarfi ke da iko. Saboda haka hanyar da zan bayyana a nan ta rataya ne a kan yadda ake tafiyar da ajin kansa tsawon zangon karatu guda. Ta fi dacewa da yaran aji uku zuwa aji shida, kuma kayan da take bukata ba su wuce kwali fanko, takardu, alli da ɗan abin dangwale ba.

Mataki na farko: a sanar da manya

Kafin malami ya ce wa yara komai, ya zauna da hedimasta ya bayyana masa abin da yake nufi, sannan a sanar da shugaban kwamitin kula da makaranta da wasu daga cikin iyaye. Dalili kuwa shi ne, in yaro ya koma gida ya ce yau an yi siyasa a makaranta, uba zai ɗauka ana cusa wa ɗansa wata jam'iyya. Gara malami ya yi amfani da kalmar da kowa ya yarda da ita, wato shawara. Iyaye Musulmi sun san aya ta 38 ta Suratus Shura, wadda ta yabi waɗanda al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, kuma iyaye Kirista sun san Matta 7:12, inda aka ce a yi wa mutane abin da ake so su yi maka. Tun a wannan zama a yi alkawari cewa sunan jam'iyya ko alamarta ba za su shiga aji ba.

Mataki na biyu: yara su kafa dokokin ajinsu

A mako na farko malami ya raba ajin ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya kada ta wuce yara takwas ko goma, ya jefa musu tambaya ɗaya da Hausa: mene ne yake ɓata muku rai a wannan aji? Kada ya tambaye su wace doka suke so, domin za su maimaita masa abin da suke zaton yana son ji. In aka tambaye su abin da ke damunsu, gaskiya za ta fito: wani ana ƙwace masa fensir, wata ana hana ta zama a benci, wani ana yi masa dariya idan ya yi kuskuren karatu. Kowace ƙungiya ta tsayar da mutum ɗaya ya faɗi abin da suka tattara, malami yana rubutawa a allo ba tare da ya gyara ko ya yi sharhi ba.

A nan ne ake shigo da sandar magana. Ɗan guntun kara ya isa. Ƙa'idarta ita ce wanda yake riƙe da ita shi kaɗai ke da bakin magana, sauran su saurara har ya gama ya miƙa. Kwanakin farko za a sha hayaniya, musamman a ajin da yara suka yi yawa har wasu na zaune a ƙasa, amma in malami ya daure bai katse mai riƙe da sanda ba ko da maganarsa ta yi tsawo, cikin mako biyu yaran da kansu za su fara tsawata wa mai katsalandan.

Daga ƙorafe-ƙorafen da aka rubuta ake fitar da dokoki, kuma kada su wuce biyar ko shida, domin dokar da yaro ba zai iya tunawa ba tamkar babu ita ce. A karanta kowace ɗaya, a ɗaga hannu, a ƙirga a fili. Haka kuma a yanke hukuncin wanda ya karya tun yanzu, kamar sharar aji, ko goge allo, ko ba da haƙuri a gaban jama'a, ban da duka. Abin da na fi so malamai su kula da shi shi ne a sa doka ɗaya da ta hau kan malamin kansa, misali ba zai hukunta kowa ba sai ya ji ta bakinsa. Ranar da malami ya manta ya karya wannan doka, wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ba ka ji ta bakinsa ba,” shi kuma ya tsaya ya ce ta yi gaskiya, ranar yaran suka ga abin da ake nufi da cewa babu wanda ya fi ƙarfin doka. A ƙarshe a rubuta dokokin a babbar takarda, kowa ya dangwala yatsa a ƙasa har da malami, a manna a bango. Daga nan malami zai iya gaya musu cewa ƙasa ma tana da irin wannan takarda, wato Kundin Tsarin Mulki na 1999, kuma za su fahimta nan take.

Mataki na uku: sunaye, harsuna da addini

Wannan mataki ya fi sauran nauyi a wurinmu, domin Kebbi jiha ce mai ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru, kuma a aji ɗaya za ka iya samun Bakabe da Bafulatani da Bazabarme da ɗan Dandawa, ga Dakarkari waɗanda suke kiran kansu Lelna, ga Kambari da Dukkawa da Gungawa. Yaran sun san da wannan bambanci tun kafin su zo makaranta, kuma sun zo da abin da suka ji ana faɗa a gida game da juna. Yin shiru a kansa ba ya kawar da shi.

A fara da suna. Malami ya bi rajista ya tambayi kowane yaro sunan da yake so a kira shi da shi, da yadda ake furta shi daidai, shi ma ya daina kiran yaro da “kai Bafillace” ko “ke baƙuwa” ko wani laƙabi da ya shafi jikinsa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, aya ta 13 kuma ta ce an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna, yaran da ke zuwa Islamiyya kuwa da yawansu sun taɓa jin waɗannan ayoyi. Bayan suna sai gaisuwa. Kowace Litinin a ba yaro ɗaya dama ya koya wa ajin yadda ake gaida mutum da safe da harshen gidansu, a yi ta amfani da ita har ƙarshen mako. Amfanin wannan ya wuce koyon kalma biyu, domin yaron da kullum ake yi wa dariya saboda Hausarsa ba ta nuna ba, ranar shi ne malami, sauran kuma su ne masu tuntuɓen harshe.

Tarihin jiha ma yana da abin da zai taimaka. Yara sun san bikin kamun kifi na Argungu, amma kaɗan ne suka san cewa bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A ba su labarin a taƙaice, sannan a tambaye su abin da suke zaton ya fi wuya, zuwa gidan wanda kuka daɗe kuna gaba ko karɓarsa da hannu biyu. A bar ɗan Zuru ya bayyana bikin Uhola, ɗan Yauri ya faɗi yadda ake tuƙa kwalekwale, ɗan Fulani ya faɗi yadda ake gane saniya ba ta da lafiya.

Akwai abin da ya kamata a rarrabe wa yara, wato bambancin wasan barkwanci da cin mutunci. Al'adarmu ta san wasa tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarabawa, kuma wasa ne da ke ƙara zumunci. Ma'auninsa mai sauƙi ne: in duka biyun suna dariya wasa ne, in ɗaya ya sunkuyar da kai wasan ya ƙare.

Sai kuma abin da yawancin malamai ke kauce wa. Matsalar tsaro ta kori iyalai da dama daga ƙauyukansu a sassan Kebbi ta kudu da Zamfara, yaransu kuma sun shigo azuzuwan gari da tsoro a zuciya. Wata rana wani yaro zai dubi ɗan ajinsu Bafulatani ya kira shi ɗan bindiga, ko wani ya kira wani arne. Kada malami ya yi kamar bai ji ba, kada kuma ya rufe mai faɗin da duka, domin duka zai koya masa ɓoye maganar ne kawai zuwa bayan tashi. A dakatar da darasi, a ce wannan kalma ta karya dokar aji, a ci gaba da karatu. Bayan an tashi sai malami ya keɓe da wanda ya faɗa ya tambaye shi a hankali inda ya ji ta da abin da ya sa ya faɗe ta, domin mai yiwuwa shi ma an kashe masa wani ko an ƙone musu rumbu. A amsa masa cewa abin da aka yi musu zalunci ne, sannan a tambaye shi ko wannan yaron da ke zaune kusa da shi ne ya yi. Yara suna gane wannan tambaya fiye da yadda manya ke zato. Shi kuma wanda aka zaga, a same shi daban a tabbatar masa cewa malami ya ji kuma bai yarda ba.

Game da addini, aikin malamin aji shi ne ya kare haƙƙin kowa ya yi nasa, kamar yadda sashe na 38 na tsarin mulki ya tanada, ba tare da ya mai da aji fagen muhawarar aƙida ba. A ƙasar Zuru akwai gidaje da yawa da Musulmi da Kirista suke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yaran can sukan riga malaminsu sanin yadda ake zama da juna. Lokacin azumi a nuna wa mai cin abinci ya kauce daga idon mai azumi, lokacin Kirsimeti kuma a yi wa masu biki barka kamar yadda aka yi wa masu Salla.

Mataki na huɗu: zaɓen monita

Sai an yi mako uku ko huɗu ana aiki da dokoki da sandar magana kafin a zo zaɓe, domin zaɓen da aka yi kafin yara su iya sauraron juna yakan koma gasar farin jini. A fara da rubuta aikin monita a allo, abin da zai yi da abin da ba shi da ikon yi, kuma a bayyana cewa wa'adinsa zango ɗaya ne. In ajin na maza da mata ne, a ware kujeru biyu, monita da mataimaki, a amince tun farko cewa in ɗaya namiji ne ɗayar mace ce.

Daga nan a zaɓi yara uku waɗanda ba za su tsaya takara ba su zama hukumar zaɓe. Su za su riƙe rajista, su yanka takardun ƙuri'a daidai da adadin 'yan aji, su tsare akwati. Duk mai son tsayawa ya samo mutum biyu da za su mara masa baya, kuma 'yan takara kada su wuce huɗu. Kowane ɗan takara ya ɗauki alama da za a iya zanawa cikin sauƙi saboda waɗanda karatunsu bai yi ƙarfi ba, kamar kifi, ƙwarya ko zangarniyar gero. A hana tsintsiya da lema da duk wata alama da ta yi kama da ta jam'iyya. Ranar kamfe kowa ya samu minti biyu ya faɗi abin da zai yi wa aji, 'yan aji su yi masa tambaya biyu ko uku, kuma an hana ambaton abokin takara da mugun abu. A faɗa musu ƙarara cewa duk wanda ya raba alewa ko gyaɗa ko ya yi alkawarin ba zai rubuta sunan abokansa ba, ya fita daga takara. Za ka yi mamakin yadda ɗan shekara goma ya riga ya san sayen ƙuri'a, don ya ga ana raba taliya da atamfa a unguwarsu.

Wasu malamai sukan ce a yi ƙato bayan ƙato a huta, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Ƙasar nan ta gwada wannan a farkon shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma yana da sauri, amma a aji ban yarda da shi ba, domin ƙaramin yaro ba zai iya tsayawa bayan wani ba alhali ƙaton ajin yana harararsa. A yi ƙuri'ar sirri. A nuna wa kowa cikin kwalin cewa babu komai, a rufe shi, a kira suna ɗaya bayan ɗaya daga rajista, yaro ya karɓi takarda ya je bayan allo ko lungun aji ya dangwala a kan alamar da yake so, ya naɗe ya jefa, a sa masa ɗigon tawada a farce. Malami ba ya jefa ƙuri'a, kuma ya kiyaye fuskarsa, domin yara suna karanta murmushin malami fiye da yadda suke karanta allo.

Ƙirga ita ce zuciyar aikin. A zazzage akwatin a kan tebur a gaban kowa, kowane ɗan takara da wakilinsa a tsaye, a fara ƙirga jimillar takardu a ga ta yi daidai da adadin waɗanda suka jefa, sannan a ɗaga kowace takarda sama a faɗi alamar da ƙarfi, ana jan layi a allo. Wadda aka dangwala wuri biyu ta lalace, a ajiye ta gefe a bayyana dalili. In aka yi kunnen doki, a sake zaɓe tsakanin biyun nan kawai. Haka ake ƙirga ƙuri'a a rumfar zaɓe ta gaske, kuma yana da kyau a gaya musu cewa in sun cika shekara 18 za su yi wannan da katin zaɓensu.

Wata rana wanda malami ba ya so shi zai ci, wataƙila yaro mai surutu ko wanda ba ya ƙoƙari a karatu. A nan ne ake gane ko malamin da gaske yake. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a farkon aikina, na ce zaɓen bai yi ba na naɗa yaron da nake so, kuma har zangon ya ƙare ban sake samun yaran sun ɗauki wata shawara da muhimmanci ba, in na ce a ɗaga hannu sai su dubi juna. Ƙasar nan ta san ɗacin soke zaɓe tun na 12 ga Yuni 1993, ranar da yanzu ake bikin dimokuraɗiyya a cikinta. In malami yana da sharaɗi, ya faɗe shi kafin takara. Bayan an ƙirga, sakamako ya zauna.

Sai a juya ga waɗanda suka faɗi, domin su ne suka fi bukatar malami a wannan rana. Tun kafin a jefa ƙuri'a a koya wa 'yan takara abin da za su yi in ba su ci ba: a miƙa hannu, a yi wa wanda ya ci murna, a gode wa waɗanda suka zaɓe ka. Shi kuma wanda ya ci an hana shi da magoya bayansa yin ihu ko waƙar habaici. A ba su labarin yadda Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya a ranar 31 ga Maris 2015 ya taya shi murna tun kafin a kammala bayyana sakamako, da kuma taken da aka san marigayi Waziri Ibrahim da shi a Jamhuriya ta Biyu, siyasa ba da gaba ba. In wani ya yi kuka a bar shi ya yi, kada a yi masa dariya, sannan washegari a ba shi wani aiki na amana kamar riƙe alli ko kula da agogon zaman aji.

Mataki na biyar: zaman aji na mako-mako

Zaɓe ba ya wadatarwa in babu ranar da za a tambayi wanda aka zaɓa. A ware minti goma sha biyar a ƙarshen kowane mako, monita ya tsaya ya faɗi abin da ya gudana, sannan sandar magana ta zagaya. In ya rubuta sunayen masu surutu, kowane mai suna yana da damar kare kansa, kuma in aka lura kullum sunayen abokansa ba sa fitowa, a faɗa masa a zaman. A amince tun farko da hanyar cire shi in ya yi duka ko ya karɓi abin wani: gargaɗi sau biyu, sannan ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na aji.

A irin wannan zama ne ake koyar da iyakar rinjaye, wanda darasi ne mai wuya ko ga manya. Masu rinjaye suna iya yanke wasan da za a yi ranar motsa jiki ko tsarin shara, amma ba su da ikon jefa ƙuri'a a kan a hana wance zama a benci, ko a daina wasa da wane saboda ƙabilarsa ko don yana ɗingishi. In irin wannan shawara ta taso, malami ya dakatar da ita ya bayyana cewa akwai haƙƙin da ba a sa shi a ƙuri'a. Kuma in maza sun fi yawa har kullum ƙwallo ke cin zaɓe, a tambayi ajin yadda za a yi masu son gaɗa ko 'yar carafke su ma su samu rana, a bar su su nemo mafita da kansu.

Faɗa kuwa ba zai ƙare ba, tunda harshe da haƙori ma sukan saɓa. In biyu suka yi rikici, a bari su huce, sannan kowa ya faɗi nasa yana riƙe da sanda, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa, a ƙarshe a tambaye su abin da zai gyara ɓarnar. Maimaitawar nan ita ce ke sa yaro ya saurara maimakon ya zauna yana shirya martani. Bayan 'yan makonni ana iya zaɓar yara biyu masu sanyin hali su riƙa yin wannan sulhu a ƙananan saɓani, manyan kuma su zo wurin malami.

Mataki na shida: aunawa da miƙa mulki

Wannan fanni ba a auna shi da jarrabawar takarda kaɗai. Malami ya riƙe ɗan littafi yana lura da abubuwa kamar yawan 'yan matan da suka yi magana a zaman aji, da ko yaran da suka zo gudun hijira sun daina zama su kaɗai lokacin tara, da sau nawa aka kawo ƙarar zagi a mako. A kwatanta farkon zango da ƙarshensa, a nuna wa hedimasta da iyaye.

A makon farko na sabon zango a sake karanta dokokin bango, a tambayi ajin wadda za a cire da wadda za a ƙara, a kafa sabuwar hukumar zaɓe daga yaran da ba su yi a baya ba. Tsohon monita yana iya sake tsayawa sau ɗaya, ba ƙari. Ranar da aka bayyana sakamako, shi da kansa zai fito gaban aji ya miƙa wa sabon monita littafin sunaye da sandar magana, ya koma bencinsa ya zauna, sannan a ɗauko darasin ranar daga inda aka tsaya.